Monita ya ɗau zafi, fanka na ihu bayan an maƙala a bango: mai gyaran da ya gano matsalar

Salam 'yan uwa. Masu shagon buga takardu da zanen kati irina a nan Katsina, musamman masu shirin ɗaga monita daga tebur su maƙala a bango, ga wani mai gyara da nake ganin ya cancanci a yaba mai. Shagon nashi na kan IBB Way cikin jerin masu saida waya, ɗan ƙarami ne, ko allon kirki babu.

Monita na inci 27 ne, da 'yar ƙaramar kwamfuta irin wadda ake ɗaurewa a bayanshi. Wani mai walda ya haɗa min baraket ya kafa a bango, ya yi kyau wlh, tebur ya samu fili. To amma tunda aka maƙala, da azahar ta yi sai ka ji fanka ta tashi da ƙara har kwastoma na tambaya mi ke faruwa, ka taɓa saman monitan ka ji zafi rau, wani lokacin hoton ya ɗauke ya dawo. Wajen farko da na kai ko buɗewa ba su yi ba suka ce bod, wato allon lantarkin da ke ciki, shi ne ya tafi sai an sa sabo.

Shi wannan bawan Allah da na kwashi kayan na kai mai, ya jona a tebur ɗinshi ya bar su suna aiki, shiru kake ji, babu ƙara babu zafi. Sai ya ce "Alhaji kayanka lafiyarsu lau, ina ka ajiye su?" Na nuna mai hoto a waya, ya ce a'a sai ya je ya gani da idonshi. Nan na fara yarda da shi.

Da ya zo shago abu na farko ya tura hannu bayan monitan, yatsu biyu da ƙyar suka shiga. Ya ce yawancin monita ba su da fanka ma, sai wasu masu tsada na 'yan gem, ƙarar daga ƙaramar kwamfutar take, an matse ta tsakanin monita da bango tana shaƙar iskar zafin da ta fitar da kanta. Monitan kuma ramukan iskarshi a baya suke ta sama, zafi sama yake tashi, farantin baraket ɗin ya toshe rabinsu. Ya ce littafin LG ma santimita 10 suke cewa a bari tsakanin monita da bango, kuma yawancinsu digiri 40 ne iyakar abin da aka yarda su yi aiki a ciki, mu kuwa a Afrilu da Mayu garin nan kanshi yana haura 40, ga bangon nawa yana kallon yamma, bulo ya sha rana tun azahar yana dawo da ita ciki kamar tanda.

Abin da ya fi tsorata ni sukurun ne. Ramukan bayan monita ma'auni gare su, VESA ake ce mai, 75 ko 100 milimita, sukurun kuma M4 ne mai tsawon kamar milimita 10. Waɗanda aka sa min sun fi haka tsawo sosai, ya zaro ɗaya ya nuna min bakinshi ya goge fes alamar yana dungurar wani abu a ciki. Ya ce Allah ne ya kiyaye bai taɓa bod ba.

Ya canza baraket ya sa mai hannu wanda ake jawowa gaba, ya sa sukurun da ya dace da washa ta roba don kar girgizar fanka ta riƙa bin ƙarfe tana ƙara sauti, kwamfutar ya sauke ta ƙarƙashin tebur inda iska ke wucewa. Ya buɗe ta ya hure da bulowa, ƙurar hunturu ta yi dam a jikin fankar, kuma na lura ya danne fankar da tsinke yana hurawa, wai in ta juya da ƙarfin bulowa tana iya lalacewa. Hasken allo ma daga 100 ya rage shi, ya ce fitilar baya ce ke kawo yawancin zafin. Ya sa min wata manhaja mai suna HWMonitor ya koya min inda zan duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar.

Yanzu fankar sai ka kasa kunne kake jinta, hoto bai ƙara ɗaukewa ba.

Inda nake da ƙorafi, wayarshi ba ya ɗauka da wuri, in ya ce bayan azahar ka sa ranka bayan la'asar, kuma ba ya ba da rasit, wanda ga mai aikin ofis ko makaranta matsala ce babba. Shagon ma babu wajen zama, a tsaye za ka jira. Kuɗin aiki dai bai tsawwala ba, baraket ɗin ma ni ya tura na sayo da kaina ya rubuta min ma'aunin a takarda. Duk mai shirin maƙala monita kafin bazara ta kama, ya kira irinshi tun kafin a huda bango, kuma a tafi da littafin monitan a hannu.