Rangadin Yini Guda a Fadar Peterhof: Ruwan Ya Fi Ɗakunan Cancantar Lokaci

Kamfanonin yawon buɗe ido a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha suna sayar da rangadin yini guda zuwa fadar Peterhof, wadda ke bakin mashigin tekun Finland, kimanin kilomita 30 daga birnin. Wanda na saya ya haɗa da jirgin ruwa mai gudu, tikitin lambun da ke ƙasa da fadar, tikitin babbar fada da kuma jagora.

Zuwa ta ruwa ya cancanci kuɗinsa. Jirgin, wanda ake kira Meteor, ba ya cika awa guda a hanya, kuma yana sauke mutum ne a bakin magudanar da ta miƙe har gindin fadar, don haka tun daga nesa ake hango mutum-mutumin zinariya suna ƙyalli a cikin feshin ruwa.

Abin da ya kamata a je dominsa shi ne ruwan. Sarki Peter Mai Girma ya buɗe wurin a 1723, kuma har yau babu injin da ke tura ruwan nan sama: daga tuddan Ropsha yake gangarowa, ya taru a tafkuna, sannan nauyinsa kaɗai ya cilla shi. Babbar magangara tana da maɓuɓɓuga 64, a gabanta kuma akwai mutum-mutumin Samson yana yage bakin zaki, inda ruwa ke tashi kusan mita 20. An kafa shi a 1735 domin tunawa da nasarar Rasha a kan Suwidin a yaƙin Poltava na 1709, kuma zakin alamar Suwidin ne. An maye gurbin na asalin da wani a 1801, wannan kuma ya ɓace lokacin da sojojin Jamus suka mamaye wurin daga 1941 zuwa 1944, wanda ake gani yanzu an kafa shi ne a 1947. Da safe ake sakin ruwan tare da kiɗa, kuma wanda bai kama wuri da wuri ba ƙeyar mutane da wayoyinsu zai kalla.

A nan ne tsarin kamfanin ya gaza. Jagorar tamu ta san tarihi sosai, amma an ƙayyade mata lokaci, sai ta cinye mafi yawansa a cikin babbar fada, wadda mai zanen gine-gine Rastrelli ya faɗaɗa wa Sarauniya Elizabeth ta Rasha. Ɗakunan suna da kyau, ba shakka, sai dai mutum yana sanye da rufin takalmi, ayari na gaba bai fita ba na baya ya iso, ba ya samun damar tsayawa ya ƙare wa komai kallo. Saboda haka a gurguje muka wuce Monplaisir, ƙaramin gidan da Peter kansa ya fi so a bakin teku, haka ma maɓuɓɓugan barkwanci da ke jiƙa mutum ba zato idan ya nufi wani benci, inda yara ke ta shewa.

Shawarata ita ce mutum ya sayi tikitin jirgi da na lambu da kansa, ya ware wa lambun mafi yawan yininsa, ya shiga fadar idan lokaci ya rage. Ya kuma lura cewa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu maɓuɓɓugan a rufe suke, babbar fadar kuma ba ta buɗewa ranar Litinin.