Yadda na ga ofishin rajistar tallafin masu buƙata ta musamman a Kano

Yayana ya kwashe shekaru yana fama da shanyewar ƙafafu, ba ya iya motsawa sai a keken guragu, don haka ni na raka shi wani ofishi a cikin birnin Kano domin neman tallafi. Ma'aikatan sun cancanci yabo, musamman wata baiwar Allah da ta sauko da kanta, ta durƙusa kusa da kekensa ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari," sannan ta cike masa fom a kan cinyarta. Takardun da aka nema ba su da yawa: lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, hoton fasfo, da takardar likita mai bayyana irin larurar.

Abin da ya sosa mini rai shi ne ginin kansa. Teburin rajista yana hawa na sama, babu gangaren turo keke ko a bakin ƙofa, sai da direban adaidaita sahun da ya kawo mu ya taimaka muka ciccibi yayana, shi kuwa yayan nawa yana sunkuyar da kai don kunya. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika tuni.

Ga wanda zai je, ina ba da shawarar ya fara aika wani ya tabbatar da takardun, domin mu sai da muka yi sawu biyu saboda rashin hatimin asibiti a kan takardar likita.