Humic acid ko magungunan asibiti: wanne ya dace da mai tarin sinadarin ƙarfe a jiki?

Kowace ledar jini da aka ƙara wa mai ciwon sikila tana ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin miligiram 200 zuwa 250, alhali abin da jiki ke zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ragowar sai ta taru a hanta da zuciya, ta jawo ciwon hanta, ciwon suga ko gazawar zuciya. Likitocin jini kan fara maganin cire ƙarfen bayan leda 10 zuwa 20, ko in gwajin feritin, wato gwajin jini da ke nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, ya zauna sama da 1,000. A maimaita gwajin kafin a yanke hukunci, domin zazzaɓin cizon sauro ma kan ɗaga shi.

Humic acid daga ruɓaɓɓen tsiro da ya daɗe a ƙasa ake samunsa, kuma manoma sun fi saninsa a matsayin abin gyara gona. Wasu na cewa yana cire ƙarfe daga jiki. Gaskiya ne yana kama ƙarfe a kwalbar gwaji, an kuma jarraba shi a kan ɓeraye. Sai dai ƙwayoyinsa manya ne, hanji ba ya tsotsarsu sosai, ga shi ƙarfen da ke ɓarna yana can cikin hanta. Ba a amince da humic acid a matsayin maganin wannan matsala ba. Wanda ba a tace ba zai iya zuwa da dalma, wasu masu haɗa shi ma ƙarfe suke ƙara masa. Shawararmu: kada a saya don wannan.

Magunguna uku ne aka tabbatar. Deferoxamine ya fi daɗewa. Allura ce da ƙaramar na'ura ke turawa ƙarƙashin fata awa 8 zuwa 12, dare biyar zuwa bakwai a mako. Yana aiki, amma wahalarsa kan sa mutane su watsar, kuma dole a riƙa duba ji da gani.

Deferiprone ana sha sau uku a rana, jimilla miligiram 75 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ya yi fice wajen fitar da ƙarfen zuciya. Haɗarinsa shi ne faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, don haka ana gwajin jini kowane mako, kuma da zarar zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya zo a dakata, a garzaya asibiti. Wanda ke nesa da ɗakin gwaji ya yi tunani sosai.

Deferasirox sau ɗaya ne a rana, shi ya sa yawancin iyaye suka fi jin daɗinsa. A nan ake yawan kuskure wajen saye, domin iri biyu ne. Wanda ake narkarwa a ruwa, irin Exjade, ana farawa da miligiram 20 ga kilo, a sha minti 30 kafin abinci. Wanda ake haɗiyewa, irin Jadenu, miligiram 14 ne ga kilo. In mai kemis ya musanya maka ɗaya da ɗaya ba tare da likita ya sake lissafi ba, ko maganin ya yi yawa ko ya gaza. Ana gwajin ƙoda da hanta duk wata. Yaron da ya kamu da amai ko gudawa a tsayar masa da shi, a sanar da likita, saboda ƙarancin ruwa a jiki na sa ya taɓa ƙoda. Kada a haɗa shi da maganin gyambon ciki mai alminiyam, kuma duk wanda ke kan ɗayan ukun nan ya nisanci maganin ƙarin jini mai ƙarfe da ake sayarwa a kemis.