Daren da aljihun wando ya hana ni shiga fili a Amurka

Shekarata 37, ina da iyali, kuma na yi shekara 8 ina koyarwa a gida kafin in taho Amurka neman digiri na uku. Amma wani daren Talata cikin watan Oktoba, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar autar gidanmu ba ta tare ni a bakin filin wasa na jami'armu, ta dubi wandona, ta ce ba zan shiga ba. Yau mako shida ke nan, abin bai bar raina ba, shi ya sa na ce bari in ba ku labari.

Wasan da ake magana ba tamaular da muka sani ba ce. Ƙwallon Amurkawa ce, mai tsini gaba da baya, wadda ake runguma a ruga da ita. Kun sha ganin ƙattin nan a talabijin, sanye da hular kwano, suna karo kamar raguna. To ta ɗalibai an cire mata karon. Kowa yana ɗaura ɗamara a ƙugu mai ƙyalle uku, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a baya. In kana riƙe da ƙwallo aka fizge ɗamararka, an kayar da kai ke nan ko da kana tsaye cak. Filag futbol suke ce mata. Mutum 7 ne a kowane ɓangare, fili yadi 100 a tsaye 40 a kwance, an yanka tsakiyarsa gida huɗu, kowane gida yadi 20. Ana ba ku dama huɗu ku tsallake layi na gaba, wanda ya kai ƙarshen fili ya ci maki 6. Ranar da na fara kallo langa ce ta faɗo mini a rai: ga ruwa yana neman wurin sha, 'yan uwansa suna kare shi, abokan karawa suna neman datse masa hanya.

Gasar kuma ba ta gwanayen makaranta ba ce. Ta kowa da kowa ce, ɗalibi ko ma'aikaci, ka iya ko ba ka iya ba. Sunan da suke kiranta da shi, intramural, daga Latin ya fito, ma'anarsa "cikin ganuwa", wato mu ya mu. Mu ma muka haɗa tamu ƙungiyar a sashenmu: ni, da wani ƙanina ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare, da 'yan Indiya biyu, da ɗan Kenya, da Amurkawa biyu. Mu bakwai cif, babu ko ɗan canji. Kyaftin ya turo mana dokoki a waya, shafuka da yawa, ban karanta ba. Na ɗauka wasa wasa ne.

Da muka isa, fili fes, ciyawar roba ce, fitilu sun haska ko'ina kamar rana. Yarinyar tana zaune a teburi da riga mai ratsin baƙi da fari, usur a wuya, ƙaramar kwamfuta a gabanta. Na miƙa katin shaidata, ta duba hoton, ta dubi fuskata, ta nemo sunana a jerin 'yan ƙungiya. Sai ta nuna zoben azurfar da ke yatsana, ta ce a cire. Zoben mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, amma na cire ba musu. Ta ce in cusa riga cikin wando, na cusa. Daga nan ne idonta ya sauka kan aljihuna.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, ba a shiga da wando mai aljihu."

Na yi dariya, na zaro aljihun duka biyu na nuna mata babu komai ciki. Ta ce ba abin da ke ciki ba ne matsalar, aljihun ne kansa. Na ce to zan juya wandon bai-bai. Ta ce a'a. Na ce a ba ni salatif in liƙe bakin. Ta ce dokar makarantar nan ba ta yarda ba, ta juyo mini kwamfutar in karanta da idona. Na sassauta murya irin yadda muke yi a gida in za mu nemi alfarma, na ce daga ɗaya ƙarshen gari na taho a bas, kuma in ban shiga ba 'yan uwana su shida za su buga da mutum bakwai. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaure fuska ba, ba ta yi mini tsawa ba. Ta ce ta gane, kuma in na samo wani wandon kafin a tashi za ta sa ni. Na nemi ganin babbanta. Babban nata wani ɗalibi ne shi ma, bai fi shekara 22 ba, ya maimaita mini maganarta kalma da kalma.

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma kan benci mai sanyi kamar ƙanƙara na zauna, ina jin kamar an tsinka ni a gaban ɗalibaina. A hutun rabin lokaci ƙanin nan nawa ya zo yana haki, ya durƙusa gefena ya ce, "Malam, ka yi haƙuri don Allah. Ni ma makon da na fara zuwa agogo suka sa na cire. Ba raini ba ne, haka suke yi wa kowa." Na ce masa, "Ƙanina, je ka yi wasanka." An ci mu ranar, ci mai yawa.

Ina nan zaune sai ga wani dattijo Bature mai furfura, zai buga a fili na biyu tare da ƙungiyar ma'aikata. Na san fuskarsa, farfesa ne a wani sashe, irin wanda a gida sai an riƙe masa jaka. Ya laluba jikinsa, babu kati. 'Yan ƙungiyarsa duk sun san shi, suna kiran sunansa. Yarinyar nan ta ce masa abin da ta ce mini, da murya iri ɗaya. Na zuba ido ina jiran in ji "kin san ko ni wane ne?" Mutumin nan ya dafe goshi, ya ce laifinsa ne, ya juya da sassarfa zuwa wurin ajiye motoci. Sai da aka ci minti goma da fara wasansu ya dawo da katin a hannu. A nan ne fushina ya fara rikiɗa ya zama wani abu mai kama da kunya.

Kyaftin ɗinmu ne ya yi mini bayanin aljihun a hanyar fita. Wasan gaba ɗaya kai hannu ne zuwa ƙugun mutumin da ke gudu. In yatsan mai fizga ya faɗa aljihu ko madaurin bel, shi kuma mai ƙwallo ya wuce da ƙarfinsa, yatsan ne zai goce ko ya karye. Zobe ma haka. Ashe ba don ni aka kafa dokar ba, don yatsan wani ne da ban ma san shi ba. Da na koma ɗaki na buɗe shafukan nan na karanta su tas. Ba a sa takalmi mai ƙusar ƙarfe. Ba a ture mutum, sai dai ka tsaya a gabansa hannuwanka a jikinka. Mai ƙwallo ba shi da ikon kare ƙyallensa da hannu. Wanda jini ya fito masa zai fita har sai an ɗaure ciwon. Wanda ya bugu a ka aka ga alamar jiri, ya gama wasa ranar, ko yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. In aka ga walƙiya ko aka ji tsawa, kowa ya bar fili, sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Amma dokar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ladabi. Bayan kowane wasa alƙalai suna ba kowace ƙungiya maki kan halinta, a tamu makarantar daga 0 zuwa 4. Kuna iya cinye duk wasanninku, in makin ladabinku bai kai ba, ba za ku shiga zagayen ƙarshe ba. Abokinka da ya zo kallo in ya zagi alƙali, a kanku za a rubuta. Wanda aka kora daga fili ba zai sake taka shi ba sai ya je ofis ya zauna da jami'in wasanni. Shi ya sa yarinya 'yar shekara 19 take iya busa usur a kan ƙato, ta nuna hukunci, muryarta ba ta rawa. Ta san akwai ofis a bayanta.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa bai taɓa ganin alƙalin wasa yana gudun ceton rai ba a wasan unguwa ko na sassan makaranta? Ni na gani da idona a wasan ƙarshe na kofin tsangayarmu, lokacin ina ɗalibi: bawan Allah ya ba da fenariti, sai da aka ɓoye shi a ɗakin masu gadi. Ina cikin masu ihu ranar, kuma har yau ina nadama. Ga sojan haya. Sashe zai ɗauko ɗan wasa daga kulob na cikin gari, a ba shi katin wani, kowa ya sani, malamai ma sun sani, sai a ce ai don martabar sashe ne. A nan, ɗalibin da ke buga wa babbar ƙungiyar jami'a ma ba a barinsa ya shiga wannan gasar, don kada ya danne marasa ƙarfi, kuma ƙungiyar da aka kama da baƙon ɗan wasa an ba abokan karawarta wasan. Batun lokaci kuwa ba na son in fara. A gida ƙarfe huɗu tana nufin bayan an dawo daga la'asar an huta. A nan in lokaci ya yi ba ku zo ba, an cinye ku, kuma tarar kuɗi tana jiran kyaftin.

Ba da rana ɗaya suka kai nan ba. Tun 1913 jami'ar Michigan da ta jihar Ohio suka buɗe sassa na musamman don wasannin ɗalibai na cikin gida. Ƙungiyar NIRSA ta masu kula da wasannin ɗalibai, wadda yawancin makarantu ke bin littafin dokokinta, an kafa ta a 1950 a jami'ar Dillard da ke New Orleans, kuma abin da ya faranta mini rai, baƙar fata ne suka kafa ta: Dakta William Wasson ya tara wakilan makarantun baƙar fata 11, a zamanin da ake ware su daga komai. Mu kuma muna da NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, tun 1966, amma ita ta zaƙaƙurai ce. Sauran dubban ɗalibai da ba su kai can ba, wa ya tanadar musu fili, da alƙali, da jadawali? Kada ma wani ya ce wannan wasan yara ne. Zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, kuma a 2025 'yan Najeriya, maza da mata, su suka ɗauke kofin Afirka na farko a Alƙahira.

Sai dai kada ku ɗauka komai zuma ne. Fitilun nan da ciyawar nan ba kyauta ba ne, kuɗinsu yana cikin kuɗin makaranta, ka buga ko ba ka buga ba. Kafin a sa sunanka sai ka sa hannu a takarda cewa in ka ji ciwo ba ruwan jami'a, kuma wanda ya san kuɗin asibiti a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wandon ma sai da na zaga kanti uku kafin in sami marar aljihu wanda ya rufe gwiwa, da tsada kuwa. A gida da telan bakin layinmu ya ɗinka mini shi kafin in shanye shayi. Kyautar zakarun gasar gaba ɗaya kuma riga ce 'yar shara mai rubutu a ƙirji, ba kofi, ba rago, ba zagaya gari a babur.

Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Fili mai kyau haka, 'yan kallo ba su kai goma ba. Ana busa tashi sai a jeru a tafa hannu, kowa ya ce wa kowa "wasa ya yi kyau", minti biyar babu kowa, duk sun shige motocinsu. Sai in tuna filin bayan firamaren unguwarmu. Ƙura, duwatsu biyu a matsayin raga, yara a kan katanga, mai rake da mai awara a gefe, dattawa kan tabarma suna gardamar wa ya fi wa. Ba wanda zai tambaye ka kati. Baƙo yana wucewa za a ce, "Malam, shigo ka cike mana." Almajiri da ɗan Alhaji riga ɗaya suke sawa, ko su tuɓe tare. Kiran magariba ne ke tashin wasa, a tafi masallaci ana musu, wanda ya ji ciwo a raka shi gida a gaishe da mahaifiyarsa. A nan ni da ƙanina muna shimfiɗa rigunan sanyinmu a bayan benci mu yi isha'i mu biyu, ba mai hana mu, ba kuma mai tambayar mu.

Talatar da ta biyo baya na koma da sabon wandona, zoben na bar shi a ɗaki. Yarinyar ce dai a teburi. Ta karɓi katin, ta duba hoton kamar ba ta taɓa gani na ba, sannan ta ɗago ta ce ta ji daɗi da na dawo. Ana saura kaɗan a tashi ƙanina ya kama ƙwallo ya tsere har ƙarshen fili. Kafin a rubuta makin sai da ya ɗaga hannuwansa sama, ta zo ta ja ɗamararsa sau ɗaya don a tabbatar bai ƙulle ta ba. Ɗamarar ta fita salin alin, aka ba mu 6 ɗinmu.

Sai wajen ƙarfe 11 na dare muka bar filin. Na tsaya jiran bas cikin iska, hannu ɗaya a hammata saboda babu aljihun da zan sa shi, ɗayan riƙe da waya a kunne. Saƙon murya ne daga yayana. Bayan gaisuwa da labarin yara, ya ce in ban manta da filin bayan firamare ba, an kawo bulo an sauke a gefen gabas, wai shaguna za a yi.