Sharhi kan faifan Beau Travail na Claire Denis

Wanda ya saba da fim mai yawan magana zai sha wuya a minti ashirin na farkon Beau Travail. Daraktar fim ɗin, Claire Denis, wadda aka haifa a Paris a 1946 ta kuma yi ƙuruciyarta a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, ciki har da Kamaru da Jibuti, ba ta dogara da baki wajen ba da labari. Jikin mutum take bi da kyamara. Tun a fim ɗinta na farko, Chocolat na 1988, wanda ta ɗauka a arewacin Kamaru, haka salonta yake.

Shi wannan na 1999 a Jibuti aka yi shi. Saje Galoup na rundunar sojan Faransa, wanda ɗan wasa Denis Lavant ya fito a matsayinsa, yana hassadar wani sabon soja mai suna Sentain saboda kwamanda ya yaba da shi, har ya kai ga jefa shi cikin hamada da lalataccen kamfas. Iyakar labarin ke nan. Sauran kuwa atisaye ne da wanki da gugar kaki, da farin gishirin bakin tafki mai kashe ido. A wajen guga za ka ga yadda sojojin ke bin karin riga a natse, su kuwa mutanen gari, a wasu fitowar, suna gefe suna kallonsu, ba su ce uffan ba. A ganina wannan kallon ya fi duk wata magana da aka yi a fim ɗin nauyi.

Shi ya sa ingancin hoto yake da muhimmanci ƙwarai. Faifan Blu-ray da kamfanin Criterion ya fitar a 2020 an gyara hotonsa ne a ƙarƙashin kulawar Agnès Godard, wadda ta riƙe kyamarar fim ɗin, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba: shuɗin teku da launin fata sun fito tsaf. Akwai kuma hirar Claire Denis da daraktan fim Barry Jenkins, wadda ta cancanci a saurara bayan an gama kallo.

Sai dai a kula da abu uku. Ana raba faifan Blu-ray da na'urorin kunna shi zuwa yankuna: faifan da aka buga don Amurka na yankin A ne, alhali Afirka tana yankin B, don haka na'urar da aka kulle a kan yankin B ba za ta karɓe shi ba. A duba harafin da ke bayan kwali kafin a biya. Na biyu, faɗin hoton ninki 1.66 ne na tsayinsa, zai bar ɗan siririn baƙi a gefen hagu da dama na talabijin. Kada a ja hoton don ya cika allo, domin kai da ƙafafun 'yan wasa za a yanke. Na uku, a kashe saitin nan na talabijin mai sa motsi ya yi santsi, yana ɓata tafiyar atisayen.

Raunin faifan shi ne fassara: da Faransanci ake magana, rubutun ƙasa kuma na Turanci ne kawai. Akwai fitowar gidan rawa da ba ta dace da yara ba. Tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi ne, kuma kada a tashi da zarar sunaye sun fara fitowa, domin rawar Lavant ta ƙarshe tana dawowa a tsakiyarsu.