Sharhi Kan Face ID: Kama da Wane Ba Ta Wane

Tun da kamfanin Apple ya fito da Face ID, wato tsarin buɗe waya ta hanyar gane fuskar mai ita, a wayar iPhone X a shekarar 2017, buɗe waya ya koma kallo ɗaya kawai, kuma a ganina wannan tsari ya cancanci yabo wajen sauri da sauƙi. Na'urar tana haska fuska da ɗigo-ɗigon haske fiye da 30,000 waɗanda ido ba ya gani, ta auna tudun hanci da kwarmin ido, sannan ta gwada da siffar da ta adana, shi ya sa take aiki ko da cikin duhu.

Inda lamarin yake da ɗaure kai shi ne abin da na'urar take ɗauka a matsayin shaida. Apple ya ce da wuya baƙo ya buɗe wayar wani, kusan ɗaya cikin 1,000,000, amma ya amince cewa lissafin yana canzawa idan aka zo kan tagwaye, da 'yan'uwa masu kama da juna, da yara 'yan ƙasa da shekara 13. Ke nan kamanni take aunawa, alhali uwa tana bambanta Hassan da Hussaini ta murya da tafiya da halayya.

Akwai kuma sharaɗin cewa ido ya kasance a buɗe yana kallon waya, don kada a buɗe ta mai ita yana barci. Dabara ce mai kyau, sai dai buɗaɗɗen ido ba ya tabbatar da yardar zuciya, domin wanda aka tilasta wa ma idonsa a buɗe yake. Duk mai ɗan'uwa da suka yi kama sosai, gara ya riƙe lambar sirri ga manhajar bankinsa.