Wufa ɗaya, akwati uku: abin da kunne ya ji a but ɗin Corolla a Kumasi

Wufar da ake magana a kai, wato lasifikar da ke fitar da bes, mai inci 12 ce, mai kwayil biyu, kowanne om 4. A jikin kwalinta an buga wat 1,500 da manyan baƙaƙe, amma a takardar ciki, inda gaskiya take, an rubuta 400 RMS. Wannan ita ce lambar da za ta iya ɗauka tana aiki ba tare da ta ƙone ba; waccan ta kwali ta jan hankalin mai saye ce kawai. An haɗa kwayil biyun gefe da gefe, ja da ja, baƙi da baƙi, sai suka koma om 2, aka ba ta amfilifaya mai tasha ɗaya, ajin D, mai ba da wat 500 a om 2. Motar Corolla ce mai but. Wata shida ana gwaji, daga tsakiyar damina har hunturu ya shigo, a akwati uku daban-daban, ba a canza wufa ba, ba a canza amfilifaya ba.

Na farko shi ne akwatin da ake sayarwa a haɗe, an lulluɓe shi da baƙin kafet, irin wanda za ka gani jere a shagunan kayan sauti. Idan ka cire wufar ka leƙa ciki sai ka ga abin da kafet ya rufe. Katakon na garin katako ne da aka matse, kaurinsa milimita 12, an haɗa da ƙusa, gam ɗin ma ɗigo-ɗigo. Cikinsa wajen lita 40, da bututu mai faɗin santimita 10, tsawon santimita 15. In ka buga lissafi, wannan bututun ya ɗaure akwatin a wajen 51 Hz, wato amon da akwatin ya fi ƙarfafawa ke nan (Hz ma'aunin amo ne, ƙaramar lamba amo mai kauri). Shi ya sa a shago yake burge mutum: duk waƙar da aka sa, "bum, bum" ɗaya yake yi, da ƙarfi, har ƙirji. Amma ka yi tafiyar awa guda da shi, ka ce daga shataletalen Suame ka kama hanyar Techiman, sai kai ya fara sarawa. Jitar bes ta hailaif, wadda daɗinta shi ne hawa da sauka, duk ta koma murya ɗaya. Ka ɗora tafin hannu a bangon akwatin kana jin yana rawa, kuma duk rawar da bango ya yi ƙarfi ne da ya kamata ya fita a matsayin sauti ya tafi a banza. Ga kuma haɗari: ƙasa da 51 Hz iskar cikin akwatin ba ta riƙe faifan wufar, sai ka gan shi yana lilo gaba da baya kamar zai fito, ba sauti, sai ƙarar "fat-fat". Wata biyu cikin damina gindin akwatin ya kumbura daga ɗan ruwan da ke shiga ta robar murfin but, sukurori biyu suka saki. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya ba da kuɗinsa a kan wannan ba, sai dai in kwana biyu zai yi da motar ya sayar.

Sauran biyun wani kafinta ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya yi su bisa awon da aka ba shi. A nan akwai abin lura. Kafintocinmu sun iya yanka da haɗawa, hannunsu na da kyau, amma yawancinsu but ɗin motarka suke aunawa, ba wufar ba. Za ka ji masta ya ce "bar shi ya yi girma, sai ya fi kuka." Ba haka ba ne. Wufar kirki tana zuwa da takarda mai lambobi uku da ake kira Fs, Qts da Vas, daga aikin injiniyoyi biyu, Neville Thiele da Richard Small, kuma kamfanin yakan rubuta girman akwatin da ya dace. Ka je da awonka a rubuce, ka tsaya a kansa.

Rufaffen akwatin, wato wanda ba shi da huji ko ɗaya, awonsa daga waje santimita 40 da 38 da 30, da katakon MDF mai kaurin milimita 18. In ka cire kaurin katako ta kowane gefe, ciki ya zama 36.4 da 34.4 da 26.4, wato lita 33. Maganaɗisu da kwandon wufar suna cin kusan lita 3, saura 30. Wannan ragin shi ne mutane ke mantawa. An shafa gam ɗin katako a kowace gaɓa tun daga farko har ƙarshe, aka huda ƙananan ramuka kafin a ɗaura sukuru kowane santimita 10, don MDF yana tsagewa in ka tura sukuru a bakinsa kai tsaye. Daga ciki aka bi kusurwoyi da silikon, aka bar shi kwana ɗaya ya bushe kafin a saka wufar, saboda tururin wani silikon yana cin gam da robar bakin faifai. Sai aka zuba auduga irin ta cikin filo, wajen giram 450, a sake, ba a danne ba. Gwajin iska mai sauƙi ne: ka danna faifan a hankali da yatsu a buɗe kewaye da tsakiya, ka saki. In ka ji "fuuu" ta wani gefe, akwai ɓula, a nemo ta.

Sautinsa shi ne ya fi kwanta mini. Ganga tana bugawa ta tsaya nan take, ba ta jan jela. A waƙoƙinmu na Hausa masu kalangu da ganga kana rarrabe bugun hannu da na sanda, muryar mawaƙi kuma ba ta nutsewa. Dalili kuwa, rufaffen akwati yana sauka a hankali, desibel 12 duk lokacin da amon ya ragu da rabi, cikin mota kuma, saboda ƙanƙantarsa, yana ƙara wa ƙananan amo ƙarfi daga wajen 70 ko 80 Hz zuwa ƙasa. Abin da akwatin ya rage motar ta mayar, sai sautin ya fito a miƙe. Aibinsa ɗaya: yana cin wuta kafin ya yi ƙara. Da gilashi a rufe ba ka da matsala, amma ka sauke gilashi a cunkoson Kejetia, ga hon ɗin trotro, wato bas ɗin haya, ga ƙarar pragya mai ƙafa uku, sai bes ɗin ya yi baya. Wanda yake so a ji shi daga ƙarshen layi ba nan zai samu ba.

Mai bututun ya fi wahalar yi, kuma nan ne ake yawan ɓata aiki. Awonsa daga waje 60 da 38 da 33, ciki lita 57. Cire 3 na wufa, 3 na bututu, 1 na katakon tokare da aka gicciya a tsakiya, saura lita 50 cif. Bututun fayif ɗin ruwa ne na PVC mai faɗin santimita 10 daga ciki, tsawon 33, wanda ya ɗaure akwatin a wajen 34 Hz. Tunda zurfin akwatin daga ciki bai kai 33 ba, ta gefe aka shigar da shi, ya bi bayan maganaɗisu, aka bar fiye da faɗinsa tsakanin bakinsa na ciki da bango don iska ta samu hanya. Masta ya so ya rage shi zuwa 15 don ya shiga ta gaba cikin sauƙi. Da an yarda, da akwatin ya haura zuwa wajen 46 Hz, an koma gidan jiya.

Wannan kam yana da ƙarfi. A kan wuta ɗaya da rufaffen, bambancin a fili yake, musamman a afrobit da amapiano, inda bes ɗin ke sauka ƙasa ya zauna. Madubin tsakiya sai ya dishe, kana jin kujera tana tura bayanka. Amma akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba. Bututu ɗaya na santimita 10 ya yi wa wat 400 kaɗan; in an ƙure sauti kana jin iska tana huci a bakinsa, ko da an goge bakin da sanfefa ya yi santsi. Maganinsa bututu mai faɗi, amma faɗi yana neman ƙarin tsawo, tsawo yana neman ƙarin akwati, but ɗin kuma ya riga ya cika. Na biyu, bugun ganga mai sauri yana ɗan haɗewa, ba kamar na shago ba, amma kunnen da ya saba da rufaffen zai gane. Ga cin wuri: buhun shinkafa ɗaya da jarkar mai, shi ke nan, kuma ranar da taya ta fashe sai ka sauke akwatin kafin ka kai ga safaya.

Dole ne mai wannan akwatin ya kunna maɓallin da aka rubuta wa SUBSONIC a jikin amfilifaya, ya ajiye shi wajen 28 Hz. Shi ke tare amon da ke ƙasa da inda aka ɗaure bututu, wanda ke sa faifai lilo. Amfilifayar da ba ta da shi ba ta dace da akwati mai bututu ba. Na LPF kuma, mai tare amon sama don bes kaɗai ya isa wufa, a 80 Hz ya zauna a duka akwatunan. In ka haura 120 sai muryar mai labarai ta fara fitowa daga but, kamar an kulle mutum a ciki.

Batun waya shi ne inda ake cutar mutane ba su sani ba. Wat 500 a ajin D yana jan kusan amfiya 45 in an ƙure. An sa waya mai lamba 4 ta jan ƙarfe zalla, da fis na amfiya 60 wanda bai wuce santimita 45 daga kan batir ba. Fis ɗin nan ba amfilifaya yake karewa ba, motar yake karewa. In wayar ta goge a jikin ƙarfe ba fis, gobara ce. A kasuwa akwai waya mai kaurin roba, ka yanka ka ga zaren ciki bai kai rabi ba, akwai kuma ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare zare ɗaya da reza, in ya yi fari alminiyom ce, kuma wutar da take ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe ba. Haka amfilifaya: ka duba fis ɗin jikinta. Wadda aka rubuta wa wat 3,000 amma fis ɗinta amfiya 30, ka ninka 30 da 14.4, bai wuce 432 ba, tun ma kafin a cire abin da ke tafiya a zafi. Wayar ƙasa, wadda ke tafiya daga amfilifaya zuwa jikin mota, ta zama gajeriya, a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure da noti. Kafin a huda ko'ina a daɓen but a leƙa ƙasa, akwai tanki da bututun mai. Masu tasi da ke da tulun gas a but su ninka hankali, kada waya ko fis ya kusanci bututunsa.

Maɓallin GAIN ba na ƙara murya ba ne, duk da yaran shago haka suke murɗa shi har ƙarshe. Ga yadda aka saita shi. A cire wayar wufa, a kashe duk wani ƙarin bes a rediyo da amfilifaya, a kai rediyon kashi uku cikin huɗu, a sa amon gwaji na 50 Hz, a ɗora mita a kan AC a bakin fitar sauti. Wat 400 sau om 2 ya ba da 800, tushensa 28.3, to a murɗa har mita ta nuna 28 V a tsaya. Fiye da haka amfilifaya za ta fara datse kan amon, kwayil ya yi zafi, sai ka ji wani wari kamar fenti na ƙuna. In warin nan ya zo, aikin gama ya riga ya fara. Maɓallin BASS BOOST kuwa a bar shi a sifiri. Kowane desibel 3 da ka ƙara ninkin wuta yake nema.

Da injin a kunne mita ta riƙa nuna kusan 14 V a bakin amfilifaya, tana sauka 13.2 a bugu mai nauyi da daddare, ga fitila ga iyakwandishan. Wannan ba laifi. In fitilarka tana ƙyaftawa da kowane bugu, kada ka bari a sayar maka da kafasita a ce magani ce. Ba ta haifar da wuta, ajiya kawai take yi. A fara da ƙara kaurin wayoyi uku, daga altaneta zuwa batir, daga batir zuwa jikin mota, daga inji zuwa jikin mota.

Duka akwatunan sun fi sauti da aka juya fuskar wufar tana kallon murfin but, bayan akwatin ya jingina da kujera. Sai dai hakan ya tayar da karkarwar lambar mota da murfin, wadda daga waje take jin kamar gwangwani. Siririn soso a bayan lamba ya kashe ta farko, na murfin kuma sai da aka manna takardar roba ta butil. Irin mai kwalta da ake liƙe yoyon kwano da ita ta fi araha, amma ranar Fabrairu da Maris in ta dafa but, narkewa take yi, warin ya cika mota.

MDF ba ya shiri da ruwa, kuma daminar Kumasi sau biyu take zuwa a shekara. An shafa wa akwatunan biyu fenti hannu biyu, har bakin yanka, kafin kafet, aka sa musu ƙafafun roba santimita 1 don su tashi daga daɓe, aka ɗaure da ƙarfe mai kusurwa biyu don ramukan hanya da birkin gaggawa. Rufaffen ne ya zauna a motar. Mai bututun ya koma wata Vitz a Aboabo, inda babu kujera mai kauri tsakanin but da direba, kuma can sai da aka rage GAIN ɗin da kusan kwata kafin ƙofar baya ta daina kuka.